Yadda za ka auna ko Jefferson ya ƙi bauta da gaske ko a baki ya tsaya

Wannan rubutun na yi shi ne don ƙannenmu 'yan lise da 'yan jami'a da ake ba ekspoze kan 'yancin kan Amurka, da kuma masu gardama a fada bayan isha, saboda duk sanda sunan Thomas Jefferson ya taso gida biyu ake rabuwa, wasu su ce munafuki ne kawai a wuce wurin, wasu su ce a'a mutumin zamaninsa ne kar a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Duka biyun saurin yanke hukunci ne, kuma babu wanda zai sa ka buɗe takarda ko ɗaya a cikinsu. Akwai yadda ake bin irin wannan tambaya a hankali har ka kai ga hukuncin da za ka iya karewa gaban malamin tarihi ko gaban kowa ma.

Fara da riƙe mutumin da lambobinsa. An haife shi 1743 a Birjiniya, ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826. Shi ya rubuta daftarin sanarwar 'yancin kai ta 1776 wadda ta ce an halicci dukkan mutane daidai, shi ne shugaban Amurka na uku daga 1801 zuwa 1809, kuma a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600, wasu gado daga mahaifinsa, 135 daga surukinsa John Wayles, mafi yawa kuma a gonakinsa aka haife su. In ba ka riƙe waɗannan ba kar ka shiga gardamar tukuna.

Sai ka raba tambayar, don a dunƙule take zuwa. Cewa mutum ya ƙi bauta zai iya nufin ya faɗa da bakinsa cewa zalunci ce, zai iya nufin ya yi ƙoƙarin a kafa dokar da za ta rage ta ko ta kashe ta, zai kuma iya nufin ya saki waɗanda ke hannunsa shi kansa. Masu kare shi na farko da na biyu suke kawowa, masu sukarsa na uku, shi ya sa za a kai tsakar dare ana ihu alhali ba abu ɗaya ake magana a kai ba. Ɗauki kaye ka ja layi gida uku, duk abin da ka karanta ka sa shi a gidansa tare da shekararsa. Shekarar nan kar ka yi wasa da ita, ita za ta nuna maka abin da mutane da yawa ba sa lura da shi.

Gidan magana shi ne mai saurin cika, kuma ka cika shi da gaskiya ko da kana jin haushin mutumin. A 1770 yana matashin lauya ya tsaya wa wani mai suna Samuel Howell da ke neman 'yancinsa a kotu, ya ce a dokar halitta kowa ɗa aka haife shi, ya faɗi shari'ar. A daftarin 1776 ya sa dogon sakin layi yana zargin sarkin Ingila George na uku da cinikin bayi, ya kira shi yaƙi da 'yan Adamtaka kanta, majalisa ta cire wurin, shi kuma daga baya ya ce don a faranta wa Karolina ta Kudu da Jojiya aka cire. A littafin da ya rubuta kan jihar Birjiniya, wanda aka fara bugawa a Paris 1785, ya ce jikinsa na rawa saboda ƙasarsa idan ya tuna Allah mai adalci ne kuma adalcinsa ba zai yi barci har abada ba. Wannan ba maganar wanda bai san abin da yake yi ba ce. Saboda haka duk wanda ya ce maka ai a lokacin ba a san bauta laifi ba ce, da bakin Jefferson kansa za ka ba shi amsa.

Gidan doka ma akwai abin sawa. Birjiniya ta hana shigo da bayi daga waje a 1778 kuma ya ce da hannunsa a ciki. Mafi ƙarfi shi ne na 1784, lokacin da ya kawo shawara a majalisar tarayya cewa daga shekarar 1800 kar a yarda da bauta a dukkan sababbin yankunan yamma, kudu da arewa, shawarar ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak saboda wani wakilin New Jersey ba shi da lafiya bai zo ba, kuma 'yan jiharsa biyu da ke tare da shi ba su goyi bayansa ba. Wallahi wannan ka ba shi makinsa cikakke, don da ta wuce da wuraren da suka zama Alabama da Misisipi ba su fara da bauta a doka ba. Sai kuma dokar da ya sa wa hannu a Maris 1807 wadda ta haramta shigo da bayi daga Afirka tun daga 1 ga Janairu 1808, shi ya roƙi majalisa ta yi ta a ƙarshen 1806 tun kafin wa'adin da tsarin mulki ya sa ya cika.

To yanzu ka koma ka dubi shekarun da ka rubuta a gefe. Za ka ga kusan duk ƙarfin maganarsa da ƙoƙarinsa a fili daga 1770 zuwa 1785 suke, daga nan sai abin ya koma cikin wasiƙun sirri, kuma ko a wasiƙun kullum amsar ita ce lokaci bai yi ba. A 1788 yana jakada a Paris aka gayyace shi ya shiga ƙungiyar abokan baƙar fata mai yaƙi da bauta da Bafaranshe Brissot da abokansa suka kafa, ya ba da haƙuri ya ce shi wakilin ƙasa ne. Mutum ya yi kusan shekara arba'in bayan nan, ya yi ministan harkokin waje, ya yi mataimakin shugaba, ya yi shugaba sau biyu, ƙarfinsa na ƙaruwa muryarsa a kan bauta na raguwa.

Ita ma dokar 1807 kar ka haɗiye ta ba tauna. Tambayi kanka wa ta cutar, wa ta amfana. Birjiniya a lokacin bayi sun yi mata yawa saboda taba ta gajiyar da ƙasa, masu gona suna komawa alkama da ba ta cin hannu da yawa, a can kudu kuma ana buɗe gonakin auduga ana neman hannu ido rufe, to in aka toshe hanyar teku wurin wa za a saya? Wurin 'yan Birjiniya, da tsada. Tsakanin 1790 da 1860 kusan mutum miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohin sama aka sayar can ƙasa, a raba uwa da ɗa, miji da mata. Ban ce don haka kaɗai ya yi dokar ba, ya tsani cinikin teku tun yana matashi, amma ka rubuta a kayenka cewa wannan ƙin bai ci masa ko sisi ba. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000 a Amurka, ta 1860 kusan miliyan 4.

Nan ne za ka shiga gida na uku, kuma nan nake so ka daɗe. Mai sayen hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram ba rantsuwar mai awo yake saurare ba, tiyarsa yake kallo, to tiyar Jefferson ita ce littattafan lissafin gonarsa da wasiƙunsa ga masu kula masa da gandu, kuma Allah ya sa mutum ne mai rubuta komai, har yawan kifi da yadin tufa da ake raba wa bayi. Gidansa na Monticello yanzu gidan tarihi ne, sun zuba abubuwa da yawa a intanet, in kana da koneksiyon ko a telefon za ka iya dubawa, kuma ko Ingilishinka bai yi ƙarfi ba lambobi da sunaye ba sa buƙatar tafinta.

Ga abin da za ka tarar. A 1769 ya ba da cigiya a jarida kan wani bawa mai suna Sandy da ya gudu, da alƙawarin tukuici ga wanda ya kamo shi. Ya sayar da mutum sama da 110 a rayuwarsa, yawanci don biyan bashi, wasu kuma ya ba da su kyauta ga 'ya'yansa da 'yan uwansa har a kayan aure. A 1794 ya buɗe maƙerar ƙusa a Monticello inda yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 ke aiki, shi da kansa yake auna ƙarfen da aka ba kowane yaro da ƙusar da ya fitar don ya san wa ke ɓarna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka taso a maƙerar, James Hubbard, ya gudu aka kamo shi, Jefferson ya rubuta da hannunsa a 1812 cewa ya sa an yi masa bulala mai tsanani a gaban abokan aikinsa. A 1792 cikin lissafin da ya aika wa George Washington ya nuna cewa haihuwar bayi na ƙara dukiya kashi 4 cikin 100 a shekara. A 1820 kuma, yana tsoho mai shekara 77, ya rubuta wa mijin 'yarsa cewa macen da ke haihuwa duk shekara biyu ta fi namijin da ya fi kowa aiki a gona riba. Karanta wannan sau biyu, dan Allah, sannan ka koma ka karanta maganar Allah mai adalci, hannu ɗaya ya rubuta su.

Sai lambar 'yantawa. Cikin sama da 600, biyu ya 'yanta a takarda yana raye: Robert Hemings a 1794, shi ma an biya kuɗin fansarsa, da James Hemings a 1796, wanda ya koyo girkin Faransa a Paris, da sharaɗin sai ya koya wa ƙanensa Peter girkin tukuna. Biyu ya bar su suka tafi ba a bi sawunsu ba a 1822. Biyar ya 'yanta a wasiyya. Dukkansu daga zuri'a ɗaya suke, zuri'ar Hemings. Bayan rasuwarsa bashin da ya bari ya haura dalar Amurka 107,000, a Janairu 1827 aka fara gwanjon kayan gidan, mutum 130 aka sa a kasuwa tare da kujeru da dabbobi. Joseph Fossett maƙeri yana cikin biyar ɗin da aka 'yanta, amma matarsa da 'ya'yansa an sayar da su yana gani, ya kwashe shekaru yana ƙira yana tara kuɗi yana fanso su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ka ɗauki uzurin da ake ba shi ɗaya ɗaya ka gwada, kar ka watsar da su kuma kar ka karɓa ba bincike. Na farko wai doka ta hana. Kafin 1782 gaskiya ne 'yanta bawa a Birjiniya sai da izinin hukuma, amma a 1782 aka yi dokar da ta ba kowane ubangida damar 'yanta nasa ta takarda ko wasiyya, kuma dubbai sun samu 'yanci ta wannan hanya. A 1806 aka tsaurara, wanda aka 'yanta sai ya bar jihar cikin wata 12 in bai samu izini ba. Ke nan akwai shekara 24 da ƙofa ke buɗe sosai, ka duba me ya yi a cikinsu. Na biyu wai bashi. Wannan ya fi nauyi, don ya jinginar da bayinsa wurin masu ba shi rance har da wani banki na Holan, kuma masu bin bashi na da ikon kama wanda aka 'yanta su sayar. Amma ka bi bashin ka ga daga ina ya fito: wani ya gada daga surukinsa, wani ya tsaya wa aboki lamuni abin ya faɗo kansa bayan karyewar tattalin arziki ta 1819, amma mai yawa na rushe gida da sake gina shi ne shekara da shekaru, da giyar Turai, da akwati 86 na kaya da ya sa aka kawo masa daga Faransa, da littattafai, waɗanda sama da 6,000 daga ciki ya sayar wa majalisa a 1815. Mutumin da 'yanta bayinsa ke damunsa da gaske zai rage wani abu daga cikin waɗannan, shi bai rage ba.

Uzuri na uku shi ne na mutumin zamaninsa, kuma hanyar gwada shi mai sauƙi ce: kar ka auna shi da mu, auna shi da maƙwabtansa. Robert Carter na uku, attajirin Birjiniya ne kamarsa, a 1791 ya shigar da takarda kotu ta 'yanta bayinsa sama da 450 sannu a hankali, 'ya'yansa da maƙwabta suna fushi bai fasa ba. Washington a wasiyyarsa ta 1799 ya ba da umarnin a 'yanta bayi 123 da ke nasa na kansa, ya kuma sa a kula da tsofaffi a koya wa marayu karatu da sana'a. Sai Edward Coles, wanda labarinsa ni ya fi taɓa ni. Matashi ne ɗan maƙwabta, sakataren shugaba Madison, a 1814 ya rubuta wa Jefferson yana roƙonsa ya fito ya jagoranci yaƙi da bauta tunda maganarsa na da nauyi, ya kuma ce shi zai kwashe bayin da ya gada ya bar jihar ya sake su. Tsohon ya amsa masa cewa wannan aikin matasa ne, shi addu'a zai taya su da ita, ya kuma ba shi shawarar ya zauna a Birjiniya ya riƙe bayinsa da kyau. Coles bai ji ba. A 1819 a kan kogin Ohio cikin jirgin ruwa ya gaya musu sun zama 'ya'ya, da suka isa Illinois ya ba kowane magidanci eka 160, daga baya ya zama gwamnan jihar a 1822 ya tsaya kai da fata ya hana a halatta bauta a can. Akwai ma abokinsa janar ɗan Polan, Kosciuszko, da ya bar wasiyya a yi amfani da kuɗinsa na Amurka a fanshi bayi har da na Jefferson a ba su ilimi, da ya rasu 1817 Jefferson ya ƙi karɓar aikin zartar da wasiyyar, ya ce ya tsufa. Gaskiya ne wasiyyar ta shiga rikicin kotu na shekaru saboda akwai wasu wasiyyoyin daga baya, ka ambaci hakan don adalci, amma ba wanda aka 'yanta da kuɗin.

Abin da 'yan ekspoze suka fi mantawa shi ne muryar bayin kansu, alhali su abin ya faru a kansu. Akwai su. Isaac Granger ya ba da labarin rayuwarsa a Monticello, Peter Fossett ɗan wancan maƙerin da aka sayar yana ɗan shekara 11 ya rayu ya zama limamin coci ya ba da nasa, Israel Gillette ya ce yana tuƙa keken doki ya ji Lafayette, janar ɗan Faransa da ya taya Amurka yaƙin 'yancin kai, a ziyararsa ta 1824 yana gaya wa Jefferson cewa ya kamata a saki bayin nan. Sai Madison Hemings da ya yi magana da wata jarida a Ohio a 1873 ya ce Jefferson ne mahaifinsa.

Maganar mahaifiyarsa Sally Hemings ka yi ta da natsuwa, ba wurin raha ba ne. 'Yar John Wayles ce da ya haifa da baiwarsa, wato ubansu ɗaya da matar Jefferson, Martha, wadda ta rasu 1782. An kai ta Paris 1787 tana 'yar shekara 14 tana rakiyar 'yarsa, shi yana da 44. A Faransa tana iya zuwa kotu ta nemi 'yancinta, kuma a cewar ɗanta ta ƙi komawa sai da ya yi mata alƙawarin za a saki 'ya'yan da za ta haifa in sun kai shekara 21. Ta haifi shida, huɗu suka rayu, su ne biyun da suka tafi a 1822 da biyu daga cikin na wasiyya. Shekaru da yawa manyan masana tarihi farar fata suna ƙaryata maganar Madison suna gaskata ta jikokin gidan, sai gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 ya nuna zuri'ar autanta Eston jinin mazan gidan Jefferson ne, da aka haɗa da lissafin da ya nuna yana Monticello wata tara kafin kowace haihuwa, gidauniyar da ke kula da gidan ta yarda a 2000 cewa bisa mafi rinjayen hujja shi ne uban. In za ka faɗa ka faɗa haka, gwajin shi kaɗai gidan ya nuna, sauran hujjojin suka nuna mutumin. Mu da muka taso da fiƙihun Malikiyya abin zai ba mu mamaki, don a wurinmu ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne mai gado, uwar kuma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa da mutuwarsa. A Birjiniya tun dokar 1662 ɗa matsayin uwarsa yake bi, saboda haka 'ya'yan cikinsa a littafin gonarsa cikin jerin bayi ya rubuta su. Ita Sally bai 'yanta ta ko a wasiyya ba, 'yarsa ce ta bar ta ta koma wurin 'ya'yanta a Charlottesville har ta rasu 1835.

Kar ka tsallake shekarun mulki. A 1803 ya sayi Luwiziyana daga hannun Napoleon kan dala miliyan 15, ƙasar Amurka ta ninka, kuma wanda ya so hana bauta a yamma a 1784 bai yi yunƙurin hana ta a wannan sabon yankin ba. A 1804 bayin da suka kori Faransa suka kafa Haiti, ya ƙi amincewa da ita a matsayin ƙasa, a 1806 aka yanke ciniki da ita, sai 1862 Amurka ta amince da ita. A rikicin 1820 kan ko Missouri za ta zama jiha da bauta ko ba bauta, ya goyi bayan a bar bauta ta bazu zuwa yamma, wai in ta bazu za ta yi sauƙi ta mutu da kanta, a lokacin ne ya rubuta cewa sun kama kyarkeci ta kunne, riƙewa ba dama saki ba dama, adalci a gefe ɗaya tsira da kai a ɗaya gefen.

Tambaya ɗaya ta rage, ita ce ke buɗe sauran: in an saki bayin, me yake so a yi da su? A wancan littafin dai na Birjiniya ya rubuta zatonsa cewa baƙar fata ba su kai farare hankali ba, ya ce jinsin biyu ba za su iya zama ƙasa ɗaya a matsayin 'ya'ya ba, don haka duk shirin 'yantawa da ya taɓa zanawa haɗe yake da kwashe su a kai wata ƙasa. Benjamin Banneker, baƙar fata ɗa mai lissafin taurari, ya aika masa kalandar da ya lissafa da kansa a 1791 ya tuna masa maganarsa ta 1776, ya amsa da ladabi, bai canja komai ba. Tunda kwashe mutum sama da miliyan abu ne da shi kansa ya san ba zai yiwu da sauƙi ba, sharaɗin ya zama hanyar ɗage maganar har abada.

Hukuncina ni, kuma kana da damar saɓa min in ka kawo hujja: Jefferson ya san bauta zalunci ce, ya ji tsoronta, ya yi ƙoƙari na gaske a kanta yana matashi a inda ba dukiyarsa za a taɓa ba, amma duk inda ƙin zai ci masa kuɗi ko jin daɗi ko farin jini wurin 'yan jiharsa ya janye. A ekspoze kar ka rubuta munafuki ka yi shiru, kar kuma ka rubuta gwarzo, ka jera gida ukun da shekarunsu ka faɗi inda ya tsaya a kowanne. Ka kuma ambaci cewa kalmominsa na 1776 sun yi aikin da shi bai yi ba, don su Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, da shugaba Lincoln suka riƙa ɗagawa har aka soke bauta a 1865.

In ka iya wannan awon a kan Ba'amurke sai ka juyo da shi gida, don laifi tudu ne, kuma mu 'yan Damagaram ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Ƙarfin masarautar nan a zamanin sarki Tanimun, da ganuwa da igwa da ayarin da ke zuwa Tarabulus, akwai bayi a cikinsa, a gandu da cikin gida da kuma a kasuwa, marigayi André Salifou da jami'armu ke ɗauke da sunansa ya yi bincike a kan Damagaram ta ƙarni na 19 kuma ya kamata ɗalibin tarihi ya neme shi. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya maido ta 1802, aka sake sokewa 1848, ta kama Zinder 1899, ta fitar da dokar hana bauta a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905 amma ta ci gaba da aikin tilas har 1946, ita ma gida ukun nan za ka ja mata. Nijar sai 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta samu gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani da aka sayar tana 'yar shekara 12, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Wahaya, wato sayen yarinya a riƙe ta kamar ƙwarƙwara bayan mata huɗu, da ƙungiyar Timidria ta nan Nijar ke yaƙi da ita ba a Birjiniya take ba, kuma waccan ƙa'idar fiƙihu da na ambata ba ta wanke masu fakewa da ita.

Bambancin aikin shi ne a nan takardu ba su kai na Monticello yawa ba, za ka dogara da bakin tsofaffi a Birni da Zango da ƙauyuka, da waƙoƙin fada, da abin da malamai suka rubuta da ajami, da rahotannin Turawa waɗanda su ma da manufarsu suka rubuta. Tambayoyin dai su ne: me sarkin ko malamin ko attajirin ya ce, me ya hukunta da yake da iko, nawa ya 'yanta, nawa ya bari su yi murgu su fanshi kansu, me tsararrakinsa suka yi, kuma me jikokin waɗanda aka bautar suke tunawa. In ka je wurin tsoho ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Baba tarihi nake nema na makaranta, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, kuma kar ka rubuta sunan gidan kowa da asalinsa a takardarka ko a Facebook, don har yau a garin nan akwai auren da ake fasawa saboda wannan maganar.